Wasannin da suka rage wa ƙungiya: ta yaya ake gane jadawali mai wuya da mai sauƙi?

Abu_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Duk shekara, da zarar an dawo daga hutun All-Star, wato hutun wasan taurari na watan Fabrairu, sai ka ga wani teburi yana yawo, an jera ƙungiyoyi 30 daga wadda wasanninta da suka rage suka fi tsauri zuwa wadda ta fi kowa samun sauƙi. Yadda ake haɗa shi ba ɓoyayyen abu ba ne: a tattaro abokan karawar da suka rage, a duba kashi nawa cikin ɗari na wasanninsu suka ci, a fitar da matsakaici. Shi ke nan.

Na daɗe ina dogara da wannan teburin. Bana ya sa ƙungiyata cikin masu sauƙi, har na fara lissafin matakin da za mu ƙare. Amma da na buɗe jadawalin na bi shi rana bayan rana, sai jikina ya yi sanyi. Ga doguwar tafiya a waje, ga wasannin dare biyu a jere, kuma wasu daga cikin ƙungiyoyin da ake kira masu rauni yanzu ne suka fara farfaɗowa. To wanne zan gaskata, teburin ko idona? Ku da kuka daɗe a harkar, da me kuke auna wahalar wasannin da suka rage?

Da gangan ban faɗi sunan ƙungiyar ba. Na san da na ambata za a bar tambayar a koma gardamar magoya baya.

MaiKwando23:
Wa alaikumus salam. Gaskata idonka, Abu Hanif. Teburin nan bai san gajiya ba, bai san rauni ba, bai san jirgi ba.

Malam_Lissafi:
Kada a yi saurin watsi da shi. Yana da amfani a matsayin kallon farko, sai dai matsakaici yana ɓoye abubuwa. Bari in ba da misali na ƙirƙira don a gane. Ƙungiya ta ɗaya wasa huɗu suka rage mata: biyu da masu cin kashi 75, biyu da masu cin kashi 25. Ta biyu ita ma huɗu, amma duka da masu cin kashi 50. A teburi duk ɗaya suke, 50 da 50. A fili ba ɗaya ba ne. Idan ƙungiyarka mai ƙarfi ce, jadawali na biyu ya fi mata, domin ita ce ake sa ran ta ci kowane wasa a cikinsa, alhali a na farko akwai wasa biyu da za ta shiga a matsayin ƙarama. Idan kuma mai rauni ce, na farko ya fi mata, domin aƙalla akwai biyu da take da rabo a ciki. Ke nan wahalar jadawali ta danganta da wanda zai buga shi.

Abu na biyu, ƙungiya ba ta karawa da kanta. Oklahoma City Thunder ta ci 68 ta faɗi 14 a kakar 2024-25. Kowa a Yamma yana da ita a jadawalinsa sau uku ko huɗu, ita kaɗai ce ba ta da wannan dutsen a gabanta. Kuma duk wanda ta doke, ita ce ta rage masa kason nasararsa. Shi ya sa jadawalin manyan ƙungiyoyi kan yi kama da mai sauƙi, na ƙanana ya yi kama da mai wuya.

Zee_Celtics:
Malam, ka bar babba. Kason nasarar da ake amfani da shi na kakar gaba ɗaya ne, tun daga Oktoba. Ƙungiyar Oktoba kuwa ba ita ce ta Maris ba. Mu ne shaida. A farkon Janairun 2022 Celtics tana da nasara 18 da faɗuwa 21, ranar da RJ Barrett ya jefa mana ta ƙarshe ana busa tashi a New York. Duk wanda ya ga sunanmu a jadawalinsa a lokacin cewa zai yi ga ƙungiyar da ba ta ci rabin wasanninta ba. Mun ƙare da 51 da 31, muka je har wasan ƙarshe na gasar. Waɗanda suka haɗu da mu a Maris sun san ba ƙungiyar teburi suka gamu da ita ba.

Malam_Lissafi:
Gaskiyarki, 'yar'uwa. Shi ya sa ni na fi duba tazarar maki fiye da yawan nasara, wato nawa ƙungiya take ci nawa ake cin ta, musamman a wasa 15 ko 20 na baya-bayan nan. Wadda take faɗuwa da maki biyu ko uku ba ɗaya take da wadda ake lallasawa da ashirin ba, ko da adadin faɗuwarsu ya zo daidai.

Koci_Bala:
Ni batun dare biyu a jere nake so in tsaya a kai, domin wanda bai taɓa buga shi ba ba zai san nauyinsa ba. Ban buga ƙwararru ba, amma na buga gasa inda muka yi wasa yau muka sake gobe, kuma yanzu ina horar da matasa. A zangon farko ba za ka ga komai ba, kowa na gudu. Sai an shiga zango na huɗu za ka ga ƙwallon da mutum ya saba jefawa ido rufe tana dukan gaban ƙarfen kwando tana dawowa. Hannun bai manta ba, ƙafar ce ta ƙi ɗagawa. Sannan a tsaron gida za ka ga ana makara da taku ɗaya, sai a kai hannu maimakon a kai ƙafa, sai laifi ya yi yawa.

Ku tuna Warriors ta 2015-16, wadda ta ci 73 ta faɗi 9. Ta fara kakar da nasara 24 a jere. Wa ya fara kayar da ita? Ba Spurs ba, ba Cavaliers ba. Milwaukee Bucks ce, wadda ta ƙare kakar da nasara 33 kacal. Ranar 12 ga Disamba 2015, ci 108 da 95. Amma dubi abin da ya gabata: daren jiya Warriors ta buga da Boston har ƙarin lokaci sau biyu, ta hau jirgi cikin dare, kuma wannan ne wasa na bakwai a tafiyar wasa bakwai a waje. A teburi wasan Milwaukee shi ne mai sauƙi. A jikin 'yan wasa shi ne mafi wuya a duk tafiyar.

Don haka ba na tambayar da wa za a kara kawai. Ina tambayar wa ya huta, wa bai huta ba. Idan ku kun buga jiya su kuma kwana biyu suna gida, an riga an ba su wani abu tun kafin a jefa ƙwallo sama.

Baba_Tsoho:
Koci ya yi magana. Ku yaran yanzu ma da sauƙi kuka same ta. A da akwai wasa huɗu cikin dare biyar, sai a kakar 2017-18 aka kawar da shi bayan an matso da fara kaka gaba. A 2011-12 kuwa, da rikicin albashi ya sa aka taƙaita kakar zuwa wasa 66, har dare uku a jere ƙungiyoyi suka buga. Na kalli wasu wasannin shekarar, tausayin 'yan wasan kawai nake ji.

Ɗan_Nuggets:
Ku ƙara da tudu. Denver tana kusan mita 1,600 sama da teku, Salt Lake City ita ma tana sama sosai. Baƙon da ya buga jiya a wani gari ya sauka Denver da tsakar dare, numfashinsa ne zai fara ba shi labari. Ba yabon kai ba ne, duk wanda yake da mu a dare na biyu, ya rubuta wannan wasan da jan biro.

Hafsy_04:
Don Allah a yi mini bayani, ni sabuwa ce a bin gasar. Ba kowa ne yake buga wasa 82 da ƙungiyoyi iri ɗaya ba? Ta ina bambancin yake shigowa?

Abu_Hanif:
Barka da zuwa, ƙanwata. Kowa 82 yake bugawa, kusan rabi a gida rabi a waje, amma ba da mutane iri ɗaya ba. Akwai ɓangaren Gabas da na Yamma, kowanne ƙungiya 15, kowane ɓangare kuma an raba shi rukuni uku masu ƙungiya biyar-biyar. A tsarin da aka saba, 'yan rukuninku sau huɗu za ku haɗu, sauran 'yan ɓangarenku sau uku ko huɗu, 'yan ɗaya ɓangaren sau biyu kawai, ɗaya gida ɗaya waje. Sannan ba a jera su a lokaci guda ba. Wani ya gama da manya tun kafin sabuwar shekara, wani kuma suna jiransa a Maris da Afrilu. Wannan ragowar muke magana a kai.

Sadiq_Suns:
Tunda an taɓo Gabas da Yamma, ni nan ne abin yake ci mini rai. A 2013-14 Phoenix ta ci 48 ba ta shiga zagayen fitar da gwani ba, wato wasannin neman kofi da ake yi bayan an gama 82 ɗin. A shekarar Atlanta ta shiga da nasara 38 saboda tana Gabas. Haka aka yi wa Warriors a 2007-08, ita ma 48 ta ci ta zauna a gida, Atlanta ta shiga da 37. Kuma masu 48 ɗin nan da ƙungiyoyin Yamma masu ƙarfi suka buga yawancin wasanninsu. A soke ɓangarorin nan kawai, a ɗauki 16 mafi nasara.

Ummu_Sultan:
Sadiq, in an soke su wa zai ɗauki wahalar tafiyar? Ka san nisan Portland zuwa Miami? Daga wannan kusurwar Amurka zuwa waccan, ga bambancin awa uku a agogo. Ka ce a buga zagaye mai wasa bakwai ana kai da komo a haka?

Sadiq_Suns:
A zagayen ƙarshe, inda zakaran Gabas yake karawa da na Yamma, ai haka ake yi, Hajiya, kuma ba wanda ya mutu.

Ummu_Sultan:
Zagaye ɗaya ne, kuma ana ba da hutu a tsakani. Kai kana maganar tun daga zagayen farko.

MaiKwando23:
Jama'a mun kauce. Abu Hanif jadawali ya tambaya, ba gyaran tsarin gasa ba.

Yusuf_Heat:
Bari in dawo da mu, domin akwai abin da ba wanda ya faɗa tukuna, kuma a nan gizo ke saƙa: niyya. A makonni biyu na ƙarshe, tambayar ba ita ce ƙarfin abokin karawa ba, ita ce me yake nema a daren.

Har yau ban manta 2017 ba. Miami ta fara da nasara 11 da faɗuwa 30. Kowa ya cire rai. Sai ta juya ta ci 30 ta faɗi 11 a rabi na biyu. Daren ƙarshe muna buƙatar mu ci namu, kuma ɗaya daga cikin Chicago ko Indiana ta faɗi. Mun ci namu. Chicago kuwa da Brooklyn take wasa, sai Brooklyn ta ajiye Brook Lopez da Jeremy Lin a benci da sunan hutu, a wasan ƙarshe na kaka, wanda ba wani wasa bayansa. Aka lallasa su 112 da 73. Muka yi kunnen doki da Chicago, 41 da 41, ƙa'idar raba gardama ta ba su. Ta leƙo ta koma. Abin da ya fi ƙona mini rai, Brooklyn ba ta da wata riba a faɗuwar, domin Boston ce take da haƙƙin musanya zaɓensu na shekarar, wato gurbinsu a zaɓen sababbin 'yan wasa, inda ƙungiyoyin da suka fi faɗuwa suka fi damar zaɓa da wuri. Na zauna ina kallon makin yana hawa a waya, na kasa ko magana.

Wane teburi ne zai gaya maka wannan tun a Fabrairu?

Zee_Celtics:
Allah sarki Yusuf. Wannan zaɓen kuwa shi ya zama na ɗaya, Boston ta musanya shi ta ɗauko Jayson Tatum a na uku.

Sani_Mavs:
Zan faɗi namu da bakina kafin wani ya faɗa. Afrilun 2023, Dallas tana da sauran dama ta shiga wasannin cike gurbi, wato na neman guraben ƙarshe a zagayen fitar da gwani, amma ta ajiye Kyrie Irving da wasu manya a wasan Chicago, tauraronmu Luka Doncic ma bai wuce zango ɗaya da 'yan daƙiƙu ba aka cire shi. Dalili, zaɓenmu zai tafi New York idan bai faɗo cikin goman farko ba. Hukumar gasar ta ci mu tarar dala 750,000. Ban ji daɗin abin ba a lokacin, yanzu ma ban ji ba. Amma ga mai auna jadawali darasin a fili yake: ka binciki wa yake riƙe da zaɓen kowace ƙungiya mai rauni. Wadda zaɓenta yake hannunta tana da dalilin sakin wasa. Wadda ta riga ta sayar da nata, a ƙa'ida ba ta da shi, ko da yake labarin Yusuf ya nuna wannan ma ba tabbas ba ne.

Baba_Tsoho:
Ba ƙanana kaɗai ba. Manyan ma in sun riga sun kama matakinsu, hutar da taurari suke yi. Sai ka ga suna mai ban tsoro a jadawali ranar 10 ga Afrilu, ka je ka tarar da 'yan benci. Wasan da teburi ya ce shi ne mafi wuya ya zama kyauta. Mafi haɗari a Afrilu su ne masu mataki na biyar zuwa na goma, domin tun da aka kawo cike gurbi a kakar 2020-21, shida na farko ne kaɗai suke wucewa kai tsaye, na bakwai zuwa na goma sai sun sake fafatawa. Waɗannan ba sa sakin komai.

Koci_Bala:
Baba, da girmamawa, kada a ce kyauta. Nuwamban 2012 Popovich ya tura Duncan da Parker da Ginobili da Danny Green gida kafin wasan Miami, har aka ci Spurs tarar dala 250,000. 'Yan bencin nan sun riƙe wa LeBron da Wade da Bosh wuya har mintin ƙarshe, da ƙyar Miami ta sha 105 da 100. Shugabannin ƙungiya ne suke sakin wasa, ɗan wasa ba ya saki. Yaron da yake kan kwantiragin kwana goma, wannan daren ne rayuwarsa. Na ga irin haka a yarana, wanda ya daɗe a benci in ka sa shi, kamar zai cinye filin.

Baba_Tsoho:
Na karɓi gyara, Koci. Amma dai ka ba ni zaɓi tsakanin Jokic, tauraron Denver, da mai canjinsa, ka san wanda zan ɗauka.

Hafsy_04:
Na ji an ce yanzu an hana hutar da manyan 'yan wasa. Ba haka ba ne?

Ummu_Sultan:
An tsaurara dai. Tun kakar 2023-24 sai ɗan wasa ya buga 65 kafin ya cancanci manyan kyaututtuka irin gwarzon shekara, kuma akwai dokar da ta hana ajiye taurari barkatai. Amma wanda ya riga ya cika 65 ɗinsa fa? Kuma ciwon gwiwa ko na idon sawu, wa zai rantse babu shi a watan Afrilu bayan wasa saba'in da wani abu?

Garba_Realist:
Ni duk wannan ina ganin wahalar da kai ce. Wasa ashirin da 'yan kai ne suka rage bayan hutun. Ku auna yadda kuke so, bambancin jadawali mai wuya da mai sauƙi a ganina ba zai wuce wasa ɗaya ko biyu ba. Ƙungiya mai kyau za ta ci, marar kyau za ta faɗi. Lafiyar tauraronku ta fi duk wannan lissafin nauyi. Dubi Fabrairun 2025. Dallas ta ba da Luka ta karɓi Anthony Davis, ya ji rauni a wasansa na farko, Kyrie ya tsinke jijiyar gwiwa a Maris. Warriors kuma tana 25 da 26 kafin Jimmy Butler ya fara buga mata, daga nan ta ci 23 ta faɗi 8. Jadawali ne ya yi wannan? Mutane ne.

Malam_Lissafi:
Malam Garba, misalinka ya goyi bayan masu auna jadawali, ba kai ba. Duk wanda yake da Dallas da Warriors a ragowar wasanninsa, teburin da aka haɗa kafin musayar ya yi masa ƙarya sau biyu, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. Ba a daina aunawa ba, sabuntawa ake yi bayan kasuwar musaya ta rufe.

Sannan wasa ɗaya ko biyun da ka raina. A kakar 2024-25 a Yamma, Lakers da Nuggets da Clippers duk 50 suka ci, Timberwolves 49, Warriors da Grizzlies 48. Daga na uku zuwa na takwas wasa biyu ne tsakani. Na uku ya fara zagaye a gida, na takwas sai da ya bi ta cike gurbi. Warriors ta faɗi a hannun Clippers a ƙarin lokaci ranar ƙarshe, shi ya jefa ta na bakwai.

Ɗan_Nuggets:
Kada ka tuna mini 2018. Daren ƙarshe mu da Minnesota, wanda ya ci ya shiga. Muka faɗi 112 da 106 a ƙarin lokaci, muka zauna a gida da nasara 46. Wasa ɗaya, Garba.

Garba_Realist:
Na yarda wasa ɗaya yana da nauyi. Abin da ban yarda ba shi ne wani zai iya nuna mini shi tun a Fabrairu.

Yusuf_Heat:
Akwai waɗanda za a iya nunawa: wasannin da za ku yi da waɗanda kuke takarar mataki ɗaya da su. Kai ka ƙaru da ɗaya, shi ya ragu da ɗaya, kuma in ku biyu kuka yi kunnen doki, sakamakon karawarku ne ake fara dubawa. Abu Hanif, ka ƙirga su nawa ne kuma a gidan wa. Ni da su nake farawa kafin komai.

Abu_Hanif:
Na gode ƙwarai, jama'a. Na koma na ɗauki takarda na bi jadawalin da abin da Koci da Yusuf suka faɗa. Gaban kowane wasa na rubuta gida ko waje, wa ya huta, da abin da nake zaton abokin karawar zai nema a ranar. Abin da na gani ya bambanta da teburin, amma ba ta inda na zata ba. Doguwar tafiyar da ta tsorata ni yawancinta da ƙungiyoyin da suka riga suka cire rai ne. Inda matsalar take shi ne makon ƙarshe, da muke da masu neman mataki ɗaya da mu, ɗayan kuma a dare na biyu. Har yanzu ban san ko in kira shi mai sauƙi ko mai wuya ba.

Nura_Spurs:
Na zo a makare, amma kan doguwar tafiya ina da abin cewa. Mu duk Fabrairu sai mun bar gida makonni, tun 2003, saboda bikin baje kolin dabbobi da sukuwa da ake yi a filinmu na San Antonio. A zamanin Duncan sau da yawa a wannan tafiyar ƙungiyar take haɗa kanta, ana kwana wuri ɗaya ana cin abinci tare. Kuma wanda ya gama tafiyarsa a Fabrairu, gida ne yake jiransa a Maris. Don haka ba kowace tafiya ce masifa ba, ya danganta da ƙungiyar da ta hau jirgin.

Garba_Realist:
Ka ga abin da nake faɗa. Mun dawo kan ƙungiyar.

Koci_Bala:
Abu Hanif, a takardar taka ka raba wasannin waje ma, ba duka ɗaya suke ba. Knicks ta je wa Nets, waje ne a rubuce, amma kowa a gadonsa zai kwana. Haka Lakers da Clippers, waɗanda har zuwa 2024 fili ɗaya ma suke amfani da shi kafin Clippers ta koma Intuit Dome. Kuma yanzu ana haɗa wasa biyu a jere da ƙungiya ɗaya a gari ɗaya, ba hawa jirgi a tsakani. Wancan dare na biyun da ka ambata a makon ƙarshe, daga wane gari za ku taso?